Batirin Motar Jam'iyya a Masallacinmu

Lahadi, 1 ga Janairu, 1984

Soja sun karɓi mulki jiya. Tun safe rediyon matata Atika ba abin da take yi sai badujala.

Ni ba mulkin ne ya dame ni ba, motar nan ce. A-kori-kurar jam'iyya tana nan ƙofar gidanmu a Lambara, lasifika biyu a kanta, hotuna manne ta ko'ina. Ni na tuƙa ta duk lokacin yaƙin zaɓe, ni ne kuma mai ihu a makirufo ƙauye-ƙauye. Da aka gama, Alhaji Mainasara, babban jam'iyya na garin Shagari, ya ce in riƙe ta har a neme ta. Ba a nema ba. Yanzu fa?

Atika ta ce a rufe ta. Mun tura ta bayan danga, mun jingina mata zana da karan dawa. Sai ta koma kamar rumbu mai taya. Ban san ko hakan ya fi ba. Kowa a garin nan ya san ba mu da rumbu a wurin.

Talata, 3 ga Janairu

Na je Shagari a keke. Gari tsit, ko masu shayi ba sa ɗaga murya. Gidan Alhaji a rufe. Maigadi ya leƙo ta kafar ƙyaure ya ce, "Alhaji ya yi tahiya. Kuma ya ce shi bai san wata mota ba."

Na ce, to makullin da ke aljihuna fa, wa ya ba ni?

Ya rufe kafar.

Duk hanya ina juya maganar. In ba tasa ba ce, ba ta jam'iyya ba ce tunda an ce babu jam'iyya yanzu, ba kuma tawa ba ce. Ta wa? In na kai ta caji ofis a ce ina na samo ta. In na bar ta a ce na ɓoye.

Litinin, 9 ga Janairu

Akuyar maƙwabta ta cinye zana ɗaya. Ana ganin fitilar gaba.

Asabar, 21 ga Janairu

Na bi motar albasa zuwa Bodinga, na biya rumfar Sama'ila mai gyaran rediyo da cajin batir. Tare muka yi firamare. Na ba shi labari ƙasa-ƙasa. Shi ko motar ba ta dame shi ba, batirin ya tambaya. Wai in aka bar batir zaune ba a tada mota, mutuwa yake yi a hankali, kuma sabo yanzu ko a Sakkwato sai mai hanya.

"Cire shi ka yi aiki da shi, in ya yi sanyi ka kawo in cika ma."

Na ce wane aiki? Ya ce rediyo, fitila, duk abin da ke cin wuta kaɗan. Ya nuna mini kawunan batir biyu, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da ta ɗebewa. Jar waya nan, baƙa can. Ya ƙara wata magana a kan lamba, ana ta hayaniya a rumfar, na gyaɗa kai kawai.

Lahadi, 22 ga Janairu

Na ƙona rediyon Atika.

Ƙananan batiran cikinta sun mutu tun makon jiya, babu su a kasuwa. Na ce mata ta kwantar da hankali, yau za ta ji labarai da batirin da ba ya ƙarewa. Na sa ja inda ya ce, baƙa inda ya ce. Wallahi ban juya ba. Rediyo ta yi magana da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, kalma biyu ko uku, sai ƙus, sai hayaƙi da warin roba.

Yayanta ne ya kawo mata ita daga Sakkwato. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauke ta ta naɗe a zane ta sa ƙarƙashin gado. Da ma faɗan ta yi.

Laraba, 25 ga Janairu

Sama'ila ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai rediyon shida take ci, batirin mota sha biyu yake bayarwa. Na ce shida me? Ya faɗi sunan, na manta. Na ce to in abinci ya yi mata yawa me ya hana ta ci ta bar saura? Ya ce wuta ba haka take ba.

Har yanzu ban gane ba. Ya ce dai injin lasifikar motar shi sha biyu ne cimarsa, shi ba zai ƙone ba. To me zan yi da lasifika a zamanin soja?

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Muryar Baba. Na daɗe ina kauce wa rubuta wannan.

Tun kafin a haife ni shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Ina yaro, mutanen da ke lambu can cikin fadama da kiransa suke ajiye aiki. Tun tarin da ya yi da damina muryar ta dushe. Yana hawa matakala, ya toshe kunne, jijiyar wuya ta tashi, amma abin da ke fitowa ko bakin rijiya ba ya kaiwa.

Yau bayan la'asar wani daga masu lambun albasa ya ce a gaban jama'a su kam sun daina jin kira, da inuwa suke gane lokaci. Ba da mugunta ya faɗa ba. Liman ya yi gyaran murya, ya ce ai ga Idi ɗalibinsa, yana iya riƙa taimaka wa Malam Abdulƙadir, wato Baba.

Taimako. Kowa ya san ma'anarsa.

Baba bai ci tuwo ba. Ya ce zafi ne. A Fabrairu.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Na kai wa Baba maganar lasifika. Na ce ga batir zaune, ga inji, ga ƙahon lasifika biyu, ko raɗa ya yi za a ji a fadama.

Ya dube ni. Ya ce, "Bakin da yay yi tallar 'yan siyasa shi za ya kiran salla? Ba da ni ba."

Ban san ko ƙahon yake nufi ko ni ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, 1 ga Maris

Na je wurin Liman ba da sanin Baba ba. Na durƙusa na ce, Allah shi gafarta Malam, ya halatta? Ya ce a birni ai tuni ake yi. "Ƙarhe ba shi da zunubi, Maniru. Mai riƙe da shi ad da shi."

Shi ya aika aka kira Baba, suka keɓe. Baba ya dawo bai kalle ni ba, ya ce wa Atika a wanke ƙahon. Ta wanke da sabulu har sau biyu, ta kife a rana kamar ƙwarya.

Litinin, 5 ga Maris

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in rubuta yadda ya faru ko na gane inda na kuskure. Na ɗaure ƙaho a dogon yaron ƙofar masallaci, na jawo waya, na ajiye batir da inji a ƙasan matakala. Ja a tarawa, baƙa a ɗebewa, na duba na sake dubawa. Lokacin la'asar ya yi. Mutane sun taru fiye da kullum, har mata suna leƙe ta kan katanga. Na miƙa wa Baba makirufo, ya riƙe shi da yatsu biyu kamar wutsiyar ɓera.

Na kunna. Ƙahon ya yi wata irin kuwwa, jakuna suka amsa. Na ruɗe, na murɗa wannan, na murɗa wancan. Injin yana da wurin kaset a jikinsa, akwai kuma maɓalli mai kai magana ko ga makirufo ko ga kaset. Wata da watanni ina aiki da shi, ido rufe na san shi. Yau hannuna ya tafi inda ya saba.

Waƙar jam'iyya. Da kalangu da 'yan amshi da kirarin Alhaji Mainasara. Daga masallaci. Har fadama.

Wasu suka ruga gida. Wani yana cewa soja, soja. Na nemi maɓallin na rasa, sai na fizge jar waya, tartsatsi ya tashi, aka yi shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba.

Baba ya ajiye makirufo a kan matakala a hankali. Ya sa takalmi ya tafi gida. Idi ne ya kira salla.

Talata, 6 ga Maris

Liman ya sa an kwashe kayan an kulle a ɗan ɗakin tabarmi na masallaci.

Baba yana amsa gaisuwata da "lahiya" ɗaya. A ɗaki yake salla.

Atika ta ce, ai ba da gangan ka yi ba. Na sani. Abin da ban sani ba, me ya sa ban tuna da kaset ɗin ba sam?

Alhamis, 15 ga Maris

Sun zo. Labarin waƙar ya kai Shagari. Ɗan sanda ɗaya, soja ɗaya, da wani mai farin kaftani, a babbar mota.  Atika har ta fara ɗaure mini riga da bargo a ƙunshi.

Mai kaftanin ya ce ina motar. Na yaye sauran zanar. Na fara bayani tun daga farko, Alhaji, makulli, maigadi. Bai saurara ba. Ya karɓi makulli ya murɗa, shiru. Ya buɗe gaba ya ce ina batir?

Kafin in buɗe baki Liman ya ƙaraso, ya ce, "Shina ɗakin Allah. Ku taho ku ɗauka in kuna so."

Sojan ya dubi ɗan sandan. Ɗan sandan ya dubi ƙasa. Suka ɗaura wa motar igiya suka ja ta. Ba wanda ya ce mini komai a kan waƙa, ba wanda ya ce in biyo su.

To an yafe mini ke nan, ko za su dawo? Kuma batirin yanzu na wa? Na tsaya ina kallon wurin da motar ta tashi, ciyawa ta yi fari a ƙasan. Ya kamata in yi murna. Na yi, ina ji.

Laraba, 11 ga Afrilu

Ba aiki. Ina taya masu albasa lodi in an samu.

Idi ke kira yanzu. Muryarsa ba laifi, sai dai sauri, kamar ana binsa. In ya fara, Baba yakan shige ɗaki ya sako labule. Ya rame.

Asabar, 26 ga Mayu

An yi yayyafi. Idi ya ce zai koma Kajiji, gonar gidansu ba mai nomawa, ba zai dawo ba sai kaka. Ga azumi ya ƙarato.

Liman da kansa ya tako gidanmu, abin da bai taɓa yi ba sai suna ko rasuwa. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure na koma gefe. Ya ce masu gona nesa suna bukatar jin magariba da azumi, kuma shi bai san wani ladani a unguwar nan ba sai ɗaya.

 Baba ya ce, "A hidda wagga waƙa. A yanke mata hanya, kada ta koma."

Talata, 29 ga Mayu

Na kai inji da batir Bodinga. Sama'ila ya buɗe injin ya tsinke wayar kaset a gabana, ya ba ni guntun in kai wa Baba shaida. Ya ce kuwwar nan kuma, makirufo ne ke jin ƙaho, ƙaho na jin makirufo, sai su yi ta mayar wa juna. A juya ƙahon baya ga mai magana. Wannan kam na gane. Ina ji.

A dawowa ruwan batir ya zubo mini. Ban lura ba sai da na sauka, wando ya zama rariya. Masu albasa sun samu abin dariya.

Atika ta zare zaren kaset ɗin duka, ta ce za ta ɗaura a gona saboda tsuntsaye.

Asabar, 2 ga Yuni

An kama azumi. Kuma lasifika ta yi aiki!

Da farko Baba ya taƙarƙare kamar da, ƙahon ya riƙa karkarwa. Na matsa na ce, Baba, a hankali, kamar kana karatu a ɗaki. Ya harare ni, amma ya sassauta. Sai ga muryarsa. Ba ta da ba, wata ce, ƙarama, mai ɗan rawa, har numfashinsa ana ji. Amma ta cika gari.

Masu fadama sun ce sun ji. Ɗaya ya ce har tarinsa ya ji a gindin rijiyar lambu, ya ce wa ɗan'uwansa wallahi Malam ne. Na shigo gida na tarar da Atika ta yi kuka, ta ce hayaƙi ne.

Baba ya sha fura ya nemi ƙari.

Lahadi, 10 ga Yuni

Batir ba ya riƙe wuta kamar da. Na kai, na kawo, ba a jima ba ya yi sanyi. Kai shi Bodinga da azumi a baki ba wasa ba ne, ranar kuma da yake can Baba da bakinsa yake kira, ba mai ji.

Sama'ila ya zuƙi ruwan kowane ramin batir da wata kwalba mai roba a kai, ya ce ɗaki ɗaya a cikin batirin ya mutu. Na ce to sauran ɗakunan ba sa isa? Ya ce a jere suke, ɗaya ya kwanta duk ya ja su. Na ce a gyara. Ya ce ba a gyarawa, sai dai a lallaɓa. Ga shi su ma a Bodinga wutar lantarki ba kullum suke samu ba.

Ban gaya wa Baba ba. Na daina kunna masa da azahar da la'asar, na ce masa ana hutar da inji ne. Ya ce ƙarfe ma yana azumi? Ban san ko wasa yake ba. Rabon da ya yi mini wasa.

Talata, 19 ga Yuni



Yau an sha rana, hadari ya haɗu ya watse. Magariba ta yi, mutane sun zauna da dabino da ruwa a hannu, na gona suna can suna jira. Na kunna, 'yar fitilar injin ta kama amma ja-ja, ba haske. Baba ya fara. Kabbara ta fita. Yana shiga shahada sai muryar ta soma nutsewa, ta nutse, fitila ta mutu.

Bai sani ba. Idonsa a rufe, yana ta yi a hankali kamar yadda na koya masa, ba mai ji sai ni. Na goge kan batir, na matse waya, na bubbuga inji. Babu.

Ya buɗe ido ya ga fuskokin mutane. Ya ajiye makirufo ya ja numfashi zai yi da ƙarfi, tari ya sarƙe shi, ya dafa bango ya zauna a matakala. Ya ɗago ya dube ni. Ni ina tsammanin faɗa ne. Sai ya nuna sama da haɓa.

Na waiwaya in ga wa yake nufi. Ba kowa a bayana.

Na hau. Ban san lokacin da na hau ba. Na tsaya ina tunanin daga ina zan kama, inda ya tsaya ko ina? Liman ya ɗaga murya daga ƙasa, "Hwaro daga hwarko!"

Na toshe kunne. Muryar nan da na yi wata da watanni ina kashewa a kasuwanni, ashe tana nan. Na ji ta tafi ta bugi katangar makaranta ta dawo.  Ban san ko na yi daidai ba, na dai kai ƙarshe, na ga mutane sun kai ruwa baki.

Na sauko. Wani ya miƙo mini dabino.

Laraba, 20 ga Yuni

Na zata Baba zai ce wani abu jiya. Bai ce ba. Yau da hantsi ina gyaran keke ya tsaya a kaina ya ce, "Kana jan hayya ala kamar mai kiran mutane taro. Ba haka a ka yi ba." Ya yi mini sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Ya ce maimaita. Na maimaita. Ya ce a'a. Har sai da Atika ta leƙo.

Na ce, Baba, gobe zan kai batir.

Ya ce, "To." Ya ce maimaita.

Alhamis, 28 ga Yuni

Ni nake kiran salla, kafin a ga yadda za a yi da batir. Na gaya wa Liman haka, na gaya wa kowa. Na wucin gadi ne.

Sama'ila ya aiko direban albasa, wai ya samo wani tsohon batirin tarakta, in zo mu gwada. Wai kuma akwai mai babbar mota a Sakkwato yana neman direba, ya ba da sunana. Na ce bayan salla.

Alhamis, 5 ga Yuli

An yi salla lafiya. Ruwa har yanzu sai addu'a, gero ya fara naɗe ganye.

Ban je Bodinga ba. Tayar keke ta yi faci, kuma ga noma. Mako mai zuwa, in Allah ya so. Maganar Sakkwato ma ban aika ba, ban dai samu wanda zai je ba ne.

Yau da la'asar ina sama, tsakanin shahada da hayya ala na tsaya jan numfashi, sai na ji wata 'yar murya a ƙasa. Baba ne a kan buzunsa gindin bango, yana amsa kira. Kalma-kalma, a bayana, kamar kowa.

Da muke komawa gida ya ce, ba ni yake kallo ba, tun yana saurayi bai taɓa amsa kiran salla a unguwar nan ba. Kullum shi ke sama. Ya ce ashe da daɗi.

Na ce masa Atika ta dama kunu.

Ya ce har yanzu ina sauri a kabbarar ƙarshe. Gobe in lura.